Dalma a ruwa, gawayi a kwalba

Buhun ya iso ɗakin gwajinmu da ƙaurin hayaƙi da warin tsohon manja a jikinsa. Na kwance bakinsa, na zura hannu na ɗebo. Ɓawon ƙwallon kwakwar manja ne, baƙi-baƙi, a farfashe, wasu da guntun zare manne a bayansu, ga tauri kamar tsakuwa. Na matsa ɗaya tsakanin yatsuna, sai da ya bar mini shaida a fata. Da wannan ne aka ce in raba dalma da ruwa, kuma a ranar, in faɗi gaskiya, zuciyata ba ta kwanta da maganar ba. Shekara biyu ke nan ina wanke shi, ina shanyawa, ina ƙonawa, ina dakawa, ina tankaɗewa, har farcena ya ɗauki baƙin da sabulu ba ya fitarwa.

Yana cirewa. Na gani da idona, na'ura kuma ta tabbatar. Sai dai kwalbar gwaji daban, kwatar masana'anta daban, kuma na daɗe kafin in gane nisan da ke tsakaninsu.

Wanda ya san manja a gora kawai ba zai yi tunanin yawan abin da ake bari a baya ba. Itaciyar 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka dasa tsiro huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java, a 1911 aka buɗe gonakin kasuwanci a Sumatra, a 1917 kuma aka buɗe ta farko a Selangor ta ƙasar Malesiya. Yau Indonesiya da Malesiya su ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, wanda ya haura tan miliyan 70 a shekara. To, in aka kawo tan ɗaya na curin 'ya'yan kwakwar injin matsa, man da za a samu bai fi kilo 200 da 'yan kai ba. Fankon curin, bayan an kakkaɓe 'ya'yan, ya kai kimanin kilo 220. Zaren da ke saura bayan an matse mai yana kai wa kilo 130 ko kusa, ɓawon ƙwallon kuma kilo 60 ko kusa. Ba a ma yi maganar ganyayen da ake sarewa a gona duk lokacin girbi ba, balle gungumen itacen da ake kayarwa idan ya kai shekara 25 don a dasa sabo. Duk tan ɗaya na mai, akwai fankon curi da ya kai shi nauyi yana jibge a bayan injin, yana jiƙe, yana ruɓa, yana tururi.

A ɗaya gefen kuma ga ruwan dagwalo. Masu shafa wa ƙarfe kuromiyam da nikel don ya yi ƙyalli, masu haɗa batir, majema, masu fenti da rini, masu haƙar ma'adinai, kowa da abin da yake saki a ruwa. Abin da ya raba waɗannan ƙarafa da sauran ƙazanta shi ne ba sa ruɓewa. Kashi da fitsari da ragowar abinci, ƙwayoyin halitta za su cinye su in an ba su lokaci. Dalma kuwa dalma ce, ko bayan shekara dubu. Tana shiga laka, ta shiga kifi, ta shiga tsiro, ta zauna a ƙashin mutum. A yankin Toyama na ƙasar Japan, kadmiyam daga mahaƙar Kamioka ya bi Kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa. Mata, musamman waɗanda suka manyanta, ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi har yana karyewa da ɗan motsi. Sunan da aka sa wa cutar, itai-itai, kukan masu ita ne, kamar a ce wayyo-wayyo. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince a hukumance cewa kadmiyam ne sanadi. A Minamata kuma, inda aka fara gano cutar a 1956, zaiba ce daga masana'antar Chisso ta taru a kifi, ta taɓa ƙwaƙwalwar masunta da 'ya'yan da ke cikin iyayensu mata. Yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka amince da ita a 2013 sunan garin ta ɗauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a miligiram 0.01 cikin lita ɗaya, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05. Na kan yi wa ɗalibai sababbi lissafin a allo don su ji nauyin abin: giram ɗaya na dalma, ɗan abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ya isa ya kai lita 100,000 bakin wannan iyaka. Kuma ruwan ba zai canza launi ba, ba zai yi wari ba. Garau za ka gan shi.

Hanyar da masana'antu suka saba da ita ita ce zuba garin farar ƙasa ko soda a ruwan, tsaminsa ya karye, ƙarfen ya dunƙule ya kwanta a ƙasa kamar laka. Tana aiki sosai idan ƙarfen yana da yawa, kuma tana da araha. Amma tana barin tulin taɓo mai guba, sannan idan abin da ya rage a ruwan ɗan kaɗan ne, ba ta iya kamo shi. Wannan ɗan kaɗan ɗin kuwa ya isa ya yi illa. Akwai matatai na zamani masu tura ruwa da ƙarfi ta wata siririyar fata, akwai ƙwayoyin roba masu musayar sinadari, duk suna aiki, duk suna da tsada, kuma ƙaramar masana'anta ba ta ko tunaninsu. A wannan giɓin ne ake neman gawayi ya shiga.

Yadda nake haɗa nawa ba wani sirri ba ne. In wanke ɓawon har ruwan ya daina fita da maiƙo, in busar da shi a tanda a digiri 105 kwana guda. Daga nan in zuba shi a wani bututun ƙarfe, in rufe, in riƙa hura masa iskar naitirojin don kada iskar shaƙa ta shiga, domin in ta shiga toka zan kwasa. Zafin yana hawa a hankali zuwa digiri 500. Hayaƙi mai kauri da kwalta-kwalta suna fita, abin da ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin da na zuba. Wannan gawayi ne tsurarsa, kuma ko a haka yana ɗan kamawa. Don a buɗe masa ƙofofi sai a sake mayar da shi wuta, ko dai da tururi a digiri 800 zuwa 900, ko a jiƙa shi da sinadari tukuna. Ni na yi amfani da fotasiyam haidoksaid, ɗan'uwan sodar nan mai cin hannu. Sinadarin yana ɓuɓɓule gawayin daga ciki, ya bar ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani, rami cikin rami. Idan aikin ya yi kyau, giram ɗaya yana iya samun faɗin da ya kai murabba'in mita 1,000 in da za a shimfiɗa bangon ramukan nan. Giram bakwai ke nan sun kusa rufe filin ƙwallo. Ɓawon ya fi fankon curi dacewa da wannan aiki, saboda kusan rabinsa lignin ne, sinadarin da ke ba itace tauri, don haka gawayinsa ba ya murmushewa a ruwa.

Ba tsotsar ƙarfen gawayin yake yi kamar yadda soso ke tsotsar ruwa ba. Mannewa ƙarfen yake yi a jikin bango. A saman gawayin, da ma a jikin ɗanyen zaren, akwai wasu 'yan hannuwa na sinadari, kaboksil da haidoksil. Idan ruwan bai cika tsami ba, kaboksil yana sakin haidirojin ɗinsa ya zauna da cajin nagetib. Dalma da kadmiyam da jan ƙarfe da tutiya kuwa suna yawo a ruwa da cajin fozitib, sai su zo su maƙale. Akwai kuma musaya: gawayin yana ɗauke da fotasiyam da kalsiyam tun daga gona, sai ya sake su ya karɓi dalma a madadinsu. Na auna wannan da kaina, kuma har yanzu yana burge ni. Dalma na sauka a ruwan, fotasiyam na hawa.

Duk wannan ya rataya ne a kan tsamin ruwa, abin da ake aunawa da pH: bakwai ita ce tsaka-tsaki, lambar na raguwa tsami na ƙaruwa, sama da bakwai kuma ɓangaren soda ne. A nan na sha kunyar da ta fi kowane darasi amfani a gare ni.

Gwajina na farko, kwalabe goma sha biyu na jera. Kowace da mililita 100 na ruwan da na narkar wa dalma, miligiram 50 a lita, na saita pH a 5. Na auna gawayi na zuba, daga ɗan mitsitsi har zuwa giram guda. Na ɗora su a na'urar girgiza awa biyu, na tace da takarda, na kai ruwan gaban na'urar da ke ƙona ɗigon ruwa a harshen wuta ta karanta ƙarfen da ke ciki. Kwalba ta farko, babu dalma. Ta biyu, babu. Har ta goma sha biyu, babu. Ko wadda na sa wa gawayin da bai fi ƙwayar gero biyar ba ta fito fes. Na fito da takardar a hannu, bakina ya ƙi rufuwa.

Akwai dattijon da ke kula da kayan ɗakin gwajin, wanda ya fi shekara talatin yana wanke kwalaben ɗalibai yana kallon kurakuransu. Baba muke ce masa. Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, ka auna pH bayan girgizawa?"

"Na saita shi a biyar, Baba, kafin in zuba gawayin."

"Bayan na ce."

Ban auna ba. Muka koma tare. Akwai ragowar ruwa a wata kwalba da ban tace ba. Ya tsoma ma'aunin, lambar ta yi ta hawa har ta wuce tara. Sai ya ɗaga kwalbar ya kara ta da hasken taga, ya ce in matso. A tsakanin baƙaƙen ƙwayoyin gawayin akwai wani farin hazo siriri yana yawo, kamar an ɗiga madara a ruwa. Ban wanke gawayina da kyau ba, sodar da ta rage a ramukansa ta fito ta karya tsamin ruwan, dalmar ta dunƙule da kanta, takardar tacewa ta tare ta. Gawayin bai yi komai ba. Da soda kawai na ɗiga, sakamakon ɗaya ne.

Baba bai ce mini uffan ba bayan haka, sai ya miƙo mini kwalbar asid mai rauni da jarkar tataccen ruwa. Mako guda na yi ina wanki, in zuba, in juya, in tsiyaye, in auna, har ruwan wankin ya tsaya kusa da bakwai. Da na maimaita gwajin, lambobin suka sauko ƙasa sosai, suka kuma jeru yadda hankali zai ɗauka: gawayi kaɗan, kamu kaɗan, gawayi da yawa, kamu da yawa. Tun daga ranar ba na jera kwalabe ba tare da guda ɗaya da babu gawayi a cikinta ba, kuma ba na yarda da duk rahoton da bai faɗi pH na ƙarshe ba. Na karanta irinsu da yawa, musamman waɗanda suka yi aiki da tokar tukunyar tururin injin manja. Tokar nan tana karya tsamin ruwa ƙwarai kamar soda, kuma yawancin abin da ake yaba mata da kamawa dunƙulewa ce kawai. Dunƙulewar ma cirewa ce, ban musa ba, amma a kira ta da sunanta, domin ƙarfen da ya dunƙule yana narkewa ya dawo da zarar ruwa mai tsami ya taɓa shi.

Tazarar da ake da ita kunkuntar ce. Ƙasa da pH 3, haidirojin ya yi yawa a ruwa, ya mamaye hannuwan gawayin, dalma ba ta samun wuri. Sama da 6, ta fara dunƙulewa. Tsakanin 5 da 6 ake yawancin aikin.

Kuromiyam kuwa nasa halin daban ne, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. Iri biyu ake haɗuwa da su. Akwai mai lamba uku, wanda majema ke amfani da shi, gubarsa da sauƙi. Akwai mai lamba shida, na masu shafen ƙarfe, wanda an tabbatar yana jawo ciwon daji. Mai lamba shidan ba ya yawo da cajin fozitib kamar 'yan'uwansa, nagetib yake ɗauke da shi, don haka sai ruwan ya yi tsami sosai, wajen pH 2, gawayi ke kama shi. Ruwansa launin ruwan goro ne mai haske. Na zuba masa garin fankon curi da na ɗan gasa, na bar shi ya kwana yana girgiza. Da safe launin ya tafi, sai wani kore-kore mai rauni da ba ka gani sai ka sa farar takarda a bayan kwalbar. Akwai sinadarin da ake ɗigawa, difenilkabazaid, wanda ke mayar da ruwa shunayya in akwai mai lamba shida. Na ɗiga, ruwan bai motsa ba. Wannan karon ban fita da takarda a hannu ba. Na kai ruwan gaban na'urar harshen wuta, wadda ba ruwanta da lamba, duk kuromiyam ɗin da ke ciki take ƙirgawa. Ta nuna yana nan, da dama. Zaren ya ba mai lamba shida lantarkinsa ya mayar da shi mai lamba uku, wani ya manne, wani ya zauna a ruwa saboda tsamin ya hana shi mannewa. Wannan koren da na gani shi ne. Nasara ce ta gaske, tunda an karya dafin, amma aikin bai ƙare ba. Sai an ɗaga pH a zagaye na biyu kafin a kwashe ragowar.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tallar sakamako da kashi cikin ɗari. A ce gawayi kaza ya cire kashi 99. To daga nawa? In ruwan ya fara da miligiram 50 na dalma a lita, kashi ɗayan da ya rage miligiram 0.5 ne, ya ninka iyakar ruwan sha sau 50. Kuma kowa zai iya kai wa kashi 99 in ya jibga gawayi mai yawa a ruwa kaɗan. Lambar da ke da amfani ita ce miligiram nawa na ƙarfe giram ɗaya na gawayi zai iya riƙewa kafin ya ƙoshi. Irving Langmuir, wanda ya samu kyautar Nobel a 1932, shi ya tsara lissafin tun 1918, a kan tunani mai sauƙi: kujerun da ke kan bangon ƙididdigaggu ne, kowace ta mutum ɗaya ce, in sun cika sun cika. Da wannan lamba ce mai masana'anta zai iya lissafi. A ƙaddara giram ɗaya yana riƙe miligiram 50. A ƙaddara masana'anta na sakin lita 100,000 a rana, kowace lita da miligiram 20. Kilo 2 ke nan na ƙarfe, wanda ke buƙatar gawayi kilo 40 kullum, sama da tan 14 a shekara. Wannan in komai ya tafi yadda yake tafiya a kwalba.

Ba ya tafiya haka. A shekara ta biyu na samo jarka guda ta ruwan gaske daga wani ƙaramin wurin shafen ƙarfe. Da na buɗe murfin, maiƙo ne ke shawagi a sama, ruwan ruwan toka-toka, tsaminsa ya kusa na ruwan batir. A ciki akwai nikel, da jan ƙarfe, da tutiya, da kuromiyam, da baƙin ƙarfe, ga kalsiyam da gishiri da suka fi su duka yawa. Na cika bututun gilashi da gawayina, auduga a ƙasa, auduga a sama, na gyara tsamin ruwan, na bar shi yana ɗiga ta sama yana fita ta ƙasa, ina tara abin da ya fito duk rabin awa. Bisa lissafina ya kamata bututun ya yi kwanaki. Kafin rana ta faɗi nikel ya fara ɓullowa.

Dalilan suna da yawa. Maiƙon yana toshe bakin ramuka. Kalsiyam, wanda ba shi da wata illa, yana zama a kujerun da aka tanadar wa masu guba. Masu shafen ƙarfe suna zuba wasu sinadarai da ke rungume ƙarfe don ya zauna a narke, kuma ƙarfen da aka rungume ba ya ko kallon gawayi. Sannan ƙarafan kansu suna kokawa. Dalma da jan ƙarfe sun fi ƙarfin riƙo, nikel da tutiya da kadmiyam sun fi rauni. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne a rana ta biyu, nikel ɗin da ke fita ta ƙasan bututun ya fi wanda nake zubawa ta sama yawa. Na ɗauka kuskuren awo ne, na sake. Ba kuskure ba ne. Jan ƙarfe ne ya iso yana tunkuɗe nikel ɗin da ya riga ya zauna, yana turo shi waje gaba ɗaya. Matatar da aka bari ba a kula da ita, akwai lokacin da za ta fi rashin matata illa. Duk mai cewa a cika durum da gawayi a sa a bakin kwata a tafi, bai tsaya gaban irin wannan bututun ba.

Ɗanyen fankon curi da zare, ba tare da ƙonawa ba, su ma suna kamawa, kuma su ne mafi araha. Matsalarsu suna rina ruwa ruwan shayi, suna saki masa zaƙi-zaƙin itace da ƙwayoyin cuta ke so, kuma bayan 'yan kwanaki a jiƙe sai su fara wari. Wankin soda yana rage hakan, yana kuma ƙara musu kamu.

Kiran ragowar nan ta injin manja shara ma magana ce da ke bukatar a duba ta. Injinan manja suna ƙona zaren da wani kaso na ɓawon a tukunyar tururinsu, da shi suke samun wuta. Ragowar ɓawon haja ce, jiragen ruwa na kwasarsa daga Indonesiya da Malesiya zuwa Japan, inda tashoshin lantarki ke ƙona shi, musamman tun 2012 da ƙasar ta fara biyan farashi na musamman ga wutar da aka samar daga irin waɗannan abubuwa. Fankon curi shi ne ya fi zama kaya a wuya, domin fiye da rabin nauyinsa ruwa ne, ɗaukarsa zuwa nesa asara ce. Amma shi ma gona na da haƙƙi a kansa, tunda in aka shimfiɗa shi a gindin itatuwa yana mayar wa ƙasa fotasiyam ɗinta. A ƙara da wutar da tanderu ke ci, da kuɗin sinadari, da ruwan wankin da na yi mako ina zubarwa, wanda shi ma dagwalo ne. Wasu ma da sinadarin tutiya suke buɗe ramukan gawayinsu, ita kuwa tutiya tana cikin ƙarafan da ake son cirewa. Kuma ba na son a ɗauki wannan aiki a wanke wa gonakin manja laifin dazuzzukan da aka share a Sumatra da Borneo. Wannan magana ce daban, gawayi ba ya biyan wannan bashi.

Duk da haka ban sare ba, kuma ina ganin inda abin zai zauna daram. A bar farar ƙasa ta yi aikinta na farko, ta kwashe mafi yawan ƙarfen. A tace maiƙo da laka. Sai a bi da ragowar ruwan ta bututun gawayi biyu a jere, ana auna abin da ke fita daga na farkon, in ya ƙoshi a cire shi, na biyun ya dawo gaba, a sa sabo a baya. A irin wannan matsayi, inda ƙarfen ya rage kaɗan, gawayin ɓawon kwakwa yana iya yin abin da gawayin kwal ko na kwakwar attagara da ake saye da tsada yake yi. In kuma a kusa da injin manja ake haɗa shi, da zafin da injin ke zubarwa a banza, lissafin kuɗin zai canza sosai.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne gawayin da ya ƙoshi. Dalmar da ta bar ruwa tana cikinsa, a tattare, ta fi yadda take a da kauri sau ɗaruruwa. Ana iya wanke shi da asid mai rauni, ƙarfen ya sauko a ruwa ɗan kaɗan, a sake amfani da gawayin. Na yi, yana yiwuwa, sai dai kowane zagaye ƙarfinsa na raguwa, kuma ga ruwan asid mai cike da ƙarfe a hannunka. In jan ƙarfe ne ko nikel, ana iya janye su da lantarki a sayar, wannan hanya ce mai kyau. In an ce a ƙona, dalma da kadmiyam da zaiba suna iya bin hayaƙi, abin da bai bi ba ya taru a toka. In an zubar a juji, ruwan juji mai tsami ne, zai kwance abin da aka ɗaure. Ga shi kuma ba ya da wata alama. Baƙi ne, busasshe, kamar kowane gawayi. Wanda ya tsince shi zai iya hura wuta da shi, ko ya watsa a gona don an ce gawayi na gyara ƙasa. Cikin rahotannin da na karanta, 'yan kaɗan ne suka faɗi inda suka kai nasu bayan sun gama awo.

Nawa yana kan kanta a ɗakin gwaji, cikin manyan kwalabe uku masu murfi. Baba ne ya sa na rubuta wa kowace takarda da jan biro: ƙarfen da ke ciki, da ranar da aka rufe ta. Watan jiya na ɗebi na kwalbar dalma na kwaɓa da siminti da yashi, na zuba a 'yan ƙananan mazubai, na bar su kwana 28 suka yi ƙarfi. Na fasa uku na daka su, na bar uku yadda suke. Yanzu duka shidan suna jiƙe a ruwan asid mai rauni, irin tsamin da ake samu a ƙarƙashin juji. Kowace Litinin da safe nakan zuƙi mililita goma daga kowace, in tace, in rubuta lamba a jikin kwalbar, in jera su a tire in kai gaban harshen wuta.